Tantin da Na Ɗinka da Kekena

Da muka je hutun kwana biyu ni da yayana a bakin wani tsohon tafkin haƙar kuza da ke bayan Rayfield a Jos, da tantin da na ɗinka da kaina na tafi. Ni tela ne a unguwar Congo-Russia. Tamfol na saya, irin na rufe lodin dankali, na bi kowace gaɓa da ɗinki uku. Yayana, da ya sayo nasa ɗan kanti mai zif da tagar raga, ya yi dariya har da riƙe ciki, wai rumfar mai shayi na kawo.

Wurin shiru, daga mu sai bishiyoyin turare. Da la'asar hadari ya taso, aka sako ruwa da ƙanƙara irin na Jos. Ina ciki ina haɗa shayi na hango iska ta ɗaga tantin Yaya ta jefa tsakiyar tafki. Nawa ko ɗigo bai yi ba.

Can sai ga shi ya leƙo, jiƙe sharkaf.

"Ɗan matsa min mana."

Na matsa, na miƙa masa kofi.

"Yaya, sannu da zuwa rumfar mai shayi. Da madara ko babu?"