Janar Mai Almakashi da Yaƙin da Ya Ƙi Ƙarewa

A layinsu har yau akwai masu rantsuwa cewa Janar ya taɓa zuwa yaƙi, wai shi kaɗai ya ƙwace gada da almakashi, kuma ɗingishin nan nasa harsashi ne ya maƙale masa a cinya. Ƙarya ce tsagwaronta. Mutumin da kyankyaso ya taɓa hawar da shi kan teburin yanka, abokan ciniki suna kallo! Ɗingishin kuwa taka keken ɗinki ne ya ja masa. Tela ne, ɗan tela, kuma bindigar da ya fi kusanta a rayuwarsa ita ce dutsen guga.

Sunan ya samo asali ne daga wani kwali da ya tsinta a bayan kanta ranar da ya kama shagon. A ciki akwai allon wasan yaƙi mai taswira, da kogi da gadoji da duwatsu, da ƙananan sojojin roba, da ƙwayar jefawa irin ta lido. Rabin sojojin sun ɓata, sai ya cike gurbinsu da maɓallai, kwarkwaron zare ya zama tankar yaƙi. Abin da ya sa ke nan rabin mazan unguwar ke yawo wuyan riga a buɗe. Kana tambayar maɓallinka zai ce yana bakin daga.

Kullum da la'asar yakan share ƙyallaye ya shimfiɗa allon, ya lallasa duk wanda tsautsayi ya kawo. Mai aski ya sha kashi har ya daina bin layin. Ga wa'azi kyauta kuma: kada ka tsallaka kogi da sojan da bai ci abinci ba, kada ka bi wanda ya gudu cikin duwatsu, kuma in ka ritsa abokin gaba ka bar masa ƙofa ɗaya. Wannan ta ƙarshen a makare ya koye ta.

Babban ɗansa ne ya ce shi walda yake so, ba ɗinki ba. Janar ya harzuƙa, ya ce in ya fita daga shagon kada ya dawo. Yaron kuwa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan gado ne, ya fita bai dawo ba. Ya kama ɗaki, ya buɗe rumfarsa, gaisuwa sai ta saƙo. Janar ya rame har wandonsa ya koma buhu, amma ya ce zafi ne.

Matarsa ce ta ƙulla dabara. Ta je ta gaya wa ɗan cewa ubansa na cika baki wai ba a haifi mai cin sa a allon nan ba. Ranar Asabar sai ga shi da ƙamshin ƙonannen ƙarfe, ya gaishe da uban a taƙaice, ya ce wasa ɗaya zai yi, in an gama ya tafi ke nan.

To, wasa ɗayan nan ne har yanzu ake yi. An fara da damina, damina ta wuce, ta sake dawowa. Janar da ke gama mutum kafin shayi ya huce ya koma sai ja da baya. In ya ga zai ci, ya ba da gada. In ya ga za a ci shi, ya toshe kogi. Duk sati kwana yake tunanin yadda ba zai ci ba kuma ba za a ci shi ba, abin da ya fi cin wasan wuya nesa ba kusa ba. Magariba na yi zai rufe allon da yadi, kuma kaiton yaron da ya taɓa. A hankali ɗan ya fara cin abinci a shagon, wata rana ma ya zo da kayan aikinsa ya liƙe ƙafar keken da ke rawa.

Sai Asabar ɗin da ɗan gwaggon Janar ya leƙo, mutum mai bakin da ba ya ƙulli. Ya duba allon ya ga babban birnin ɗan Janar a buɗe, taku ɗaya ya rage Janar ya ci wasan. Ya kuwa faɗa da ƙarfi har mai shagon gefe ya ji. Gumi ya keto wa Janar, ya ɗauki kwarkwaron zarensa ya mayar da shi baya.

Ɗan ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ɗago ya kalli ubansa. Can ya tura nasa sojan cikin kogi, inda ko makaho ba zai kai shi ba, ya miƙe yana kaɗe wando.

“Baba, a rufe. Sai sati.”

Yana fita ɗan gwaggon ya dasa tsiya. Ya ce bai taɓa ganin janar mai gudun nasara ba, gara a sauke shi a naɗa kyankyaso. Janar bai ɗago ba, ya ci gaba da gyara yadin a kan allo.

“Kai da ka ci duk gardamar da ka taɓa yi a duniya, wa yake zuwa wurinka ranar Asabar?”