Matakala Saba'in na Mai Famfo

Shekara ashirin da biyu ya yi a kamfanin siminti, har abokan aiki suka manta sunansa, sai dai Mai Famfo. Da aka gina doguwar hasumiyar ƙarfe a bayan bututun hayaƙi, shi aka damƙa wa ita. Hayaƙi kan shiga ta ƙasa, ruwan sinadari ya zubo daga sama ya cafke iskar kabon, sannan a dafa ruwan ya saki iskar a tara ta. Nasa aikin, kowace safiya ya hau matakala saba'in, ya ɗebo ruwan a kwalba, ya gwada ƙarfinsa, ya rubuta.

Gwiwa ce ta ci amanarsa. Ranar da ya tsaya a mataki na goma yana haki, sai ya sauko ya kwafi lambar jiya. Ba wanda ya lura. Haka aka shafe wata biyu.

Injiniyar da aka turo duba hasumiyar kuwa 'yarsa ce ta fari, wadda ya ishi kowa da labarinta. Ta hau da kanta. Ruwan da ya kamata ya fito garau ya sauko kamar tsohon shayi. Ta jira har ɗakin gwaji ya watse.

"Baba, ruwan nan ya mutu tuntuni, iskar wucewa kawai take yi. Yaushe rabonka da sama?"

Ya cire hular kwano yana jujjuya ta, shi da ya taɓa zane yarinyar nan saboda kwafar amsa a aji huɗu.

"Ƙafar ce," ya ce, murya can ƙasa.

"Da ka faɗa mini."

"Da wane bakin?"

Ta ce ba za ta iya ɓoyewa a rahotonta ba. Ya ce ta bari ya riga ta. Ya ja ƙafa zuwa ofishin manaja ya zayyana komai a tsaye, ko kujerar da aka nuna masa bai taɓa ba. Aka ba shi takardar gargaɗi, aka mayar da shi ɗakin karanta mita, inda babu hawan matakala.

Mako guda a gida yana cin abinci kai a sunkuye, har matarsa ta fara tambayar ko haƙori ne. Ranar Asabar 'yar ta zo ta kai shi wurin likitan ƙashi. A mota ta yi ta ba shi labarin ƙiriniyar jikarsa, shi kuma yana kallon titi yana cewa "to".