Jinin da Nake Binnewa a Rami

Jama'a, yau wanzami aka zuƙe wa jini a garin Lafiya, kuma ni ne!

Da hantsi ina rumfata a Bukan Sidi, na kafa wa Alhaji Sabo ƙaho a baya, wasu magidanta na jiran layi. Sai ga ƙaninsa Tanko a kan keke, yana haki.

"Yaya, motar doya ta kife da Audu ɗanka a hanyar Kwandere! Likita ya ce a kawo masu ba da jini, nawa bai dace ba."

Cikin masu jiran layi, wani ya ce jiri yake ji. Wani ya ce wai wanda aka ɗibi jininsa ba ya sake riƙe garma. Alhaji kansa ya ce, "Ni ina da jinin bayarwa?"

Raina ya ɓaci. Na ɓalle ƙahon, na nuna masa abin da ke ciki.

"Alhaji, wannan miya ce? Duk shekara ku ke kawo min shi da ƙafarku, ni kuma in binne a rami. Rami ya sha, ɗanka ya rasa?"

Na tattara asakena na ce babu mai shan ƙaho yau. Na yi gaba, suka biyo ni asibiti sumui-sumui. Ni aka fara soka wa allura. Wallahi ko zafin tsagata ɗaya bai kai ba!

Yanzu Audu ya buɗe ido, har ya nemi kunu. Mai jirin nan kuwa, bayan an ɗibi nasa jinin, da ƙafarsa ya koma gida Akurba.