Mode Mai Gatari da Rumbun Hajjo

Duk wanda ya bi ta ƙofar gidan Mode a Boɗinga bayan sallar asuba ya san abin da zai tarar. Tsohon yana zaune kan guntun turmi, gatari a cinya, dutsen washi tsakanin ƙafafu, ruwa a gwangwani. In ya gama da gatarin sai ya jawo igiyoyinsa, ya bi su da yatsa daga wannan baki zuwa wancan, yana neman inda zare ya fara saki. Ba ya karya kumallo sai ya gama. Matarsa Kaltume ta daɗe da daina yi masa maganar kunun da ke hucewa.

Daga nan sai inuwar dogon-yaro ta bakin tasha, inda masu saran icce ke zama suna jiran a zo a kira su. Shekara talatin da wani abu Mode yana wannan aiki: rage reshen da ya hau rufin wani, sauke bishiyar da gara ta cinye, buɗe hanyar da iska ta toshe. Bana ya ce ya daina hawa, gwiwa ta ƙi. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana ji da kunnensa.

Abokan zamansa biyu ne. Akwai Ɗanliti, magidanci mai baki, wanda ya sayo injin yankan icce a farkon mulkin farar hula, lokacin da kuɗi ke yawo kowa yana gini. Akwai kuma Sodangi, mai tsohuwar a-kori-kura da ke kwasar musu icce. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, sarƙar inji ta ɓace daga kasuwar Sakkwato. Ɗanliti ya koma gogar tsohuwar da magagari kullum, amma bakinsa bai dakushe ba.

"Baba Mode, icce nawa kas sare jiya?"

"Guda."

"Ni bakwai, kahin azahar."

"Madalla. Yau hwa?"

Sodangi ya kwashe da dariya. "Yau sai in ya tashi. Injin da sai an ja mai igiya sau ashirin ana roƙo nai kamar surukin da anka ɓata ma rai."

"Kai ka maganar tashi?" in ji Ɗanliti. "Motar da ba a aje ta sai bisa gangara? Ran kasuwar Shagari har mai unguwa sai da yat tura."

"Ya tura, amma ta kawo shi gida. Naka injin wa yat taɓa kaiwa gida?"

Haka suke kullum. Mode ba ya shiga sosai, sai dai ya jefa kalma ɗaya ya koma shiru. Mutane da yawa sun ɗauka ƙin injin yake yi, kamar yadda tsofaffi ke ƙin sabon abu. Abin da ya faru a Horo Birni ya nuna ba haka ba ne.

A shekarar zaɓe na biyu na mulkin farar hula ne, daminar da aka yi ta kallon sama har wuya ya gaji. Da ruwan shuka ya zo, da iska ya zo. Washegari da hantsi wani mutumin ƙauyen Horo Birni mai suna Maniru ya iso bakin tasha yana neman Mode. Ya ce matar marigayi wansa, Hajjo, tana da tsohuwar tsamiya a tsakar gida. Iska ta karya babban reshe, bai faɗo ba, yana lilo kan rumbunta. Rumbun ƙasa ne, bakinsa a sama, reshen kuma ya tsaya daidai kan murfin ciyawa. Ba mai iya buɗewa, ba mai yarda ya shiga ƙarƙashi. Abincin gidan yana ciki, irin shuka ma yana ciki. Kowa a garin ya fita gona, Hajjo tana zaune tana kallon laima na tafiya. A wannan shekara kuwa ba maƙwabcin da ke da irin da zai ba wani.

Aka tura motar Sodangi ta tashi, suka tafi su uku da Maniru.

Da suka shiga gidan, Hajjo ta durƙusa ta gaishe su, idonta bai bar reshen ba. Ɗanliti ya zagaya tsamiyar sau ɗaya ya yanke hukunci.

"Aikin minti goma na. A ɗaura ma iccen igiya, Sodangi shi ja ta gabas, ni in yanke gindi. Duk shi kwanta waje guda, reshe da uwa tai."

Mode ya matsa jikin tsamiyar. Ya juya gatarinsa, ya buga gindin da ƙeyarsa, ya manna kunne. Ya matsa taku biyu ya sake bugawa. Sau huɗu ya yi haka.

"Ba a yanke ta ƙasa," ya ce. "Kogo na cikinta."

"Baba, ni ban ga kogo ba."

"Ba gani akai ba. In ka yanke nan, ba za ta bi igiya ba. Zama za ta yi, ta murɗe ta bi nauyi. Nauyin ko ga rumbu shi ke."

Ɗanliti ya yi murmushin wanda bai yarda ba. Mode ya nuna masa wani wuri a tsayin gwiwa, ya ce ya sassare ɓawon da gatari ya gani. Sara uku kawai Ɗanliti ya yi, bakin gatarin ya nutse, jar ƙasar gara ta zubo masa kan ƙafa. Ya tsaya yana kallonta. Bai sake maganar minti goma ba.

Mode ya cire riga, ya rataya igiya a kafaɗa ya hau, mutum mai shekara sittin. Ya wuce karyayyen reshen, ya sami wata gwafa lafiyayya a sama, ya zura babbar igiya ta ciki, ya sauko da bakinta ya ɗaure reshen. Ɗaya bakin ya jefa wa Sodangi ta kan katanga.

"In ja, Baba?"

"Kak ka ja. Kak ka ma tada motar. Ɗaure ga ƙarhen baya, ka sa duwatsu ga taya huɗu. Tsayawa nika so ta yi."

"To ai wannan ta iya," in ji Ɗanliti.

Yanzu reshen ba zai faɗo gaba ɗaya ba, amma sai an rage shi guntu-guntu daga baki kafin a janye shi. Kowa ya zuba ido a ga gatari ya fara aiki. Sai Mode ya leƙo ƙasa.

"Ɗanliti, ɗauko injin ka hau."

"Ni?"

"Kowane sara nawa sai reshen ya yi tsalle, rumbun ko ya sha ruwa, bugu guda ya ishe shi. Injinka ba shi girgiza icce. Nan aikinai na, ba nawa ba."

"Baba, ni ban taɓa hawa ba. Ƙasa nika yanka."

"Na sani. Taho, ni ka riƙe ka."

Maniru ya ce bai taɓa ganin mutum ya yi gumi irin na Ɗanliti a ranar ba. Mode ya ɗaure shi ta ƙugu da hannunsa, ya zaunar da shi kan reshen sama, ya nuna masa inda zai sa ƙafa. Sodangi yana ƙasa yana ƙirga jan igiyar inji da ƙarfi, sai a na goma sha huɗu ya tashi. Kowane guntu Mode ne ke ɗaure shi da ƙaramar igiya, ya zana layi da yatsa, Ɗanliti ya yanka, maza biyu su saki igiyar a hankali har guntun ya sauka gefe. Sau ɗaya sarƙa ta maƙale, reshen ya yi ƙara ya nutsa har ya taɓa ciyawar murfin. Hajjo ta rufe fuska da gyale. Mode ya dafa kafaɗar Ɗanliti, ya sa aka ɗan ɗaga guntun, sarƙar ta fita. Suka ci gaba.

Guntu tara suka sauke. Kafin la'asar Maniru ya ɗaga murfin, ya shiga rumbun ya miƙo dami. Ko tsaga babu a jikin ƙasar. Hajjo ba ta tsaya doguwar godiya ba. Ta ce Allah shi saka, ta sussuke gero a ƙwarya, ta ɗauki sungumi ta fita gona da jikokinta tun da sauran laima.

Kai ne, Mode na Kaltume, gatari mai kunne. Kai ne ka san cikin icce ba tare da ka buɗe shi ba, ka kuma san ranar da gatarinka ba shi ne maganin aiki ba. Ba kowane gwani ke iya miƙa wa mai yi masa dariya aikin da ake kallo ba. Kai ka yi, ka kuma riƙe shi har ya sauko lafiya. Ba a rubuta sunanka a takardar kowane ofis ba, amma daga Boɗinga zuwa Shagari akwai ɗakuna da katangu da ke tsaye saboda kai.

Mun gode, Baba. Allah shi saka maka da alheri, shi ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma da ke riƙe da inji a yau, tsohon nan yana nan da ransa, bakinsa bai rufe ga kowa ba. Ku je ku tambaye shi, ku koyi tsayawa ku duba abin da ke ƙarƙashin icce kafin ku yanka. A waccan shekara gonaki da yawa ba su ba da komai ba. Ta Hajjo ta ba da dami goma sha ɗaya, da su ta ciyar da gidanta har wata damina.