An Ɗora Hannu, An Manta Diddige

Jama'a, sallama. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata a nan ba, har wasu sun aiko tambaya ko tsoho ya wuce. Ina nan.

Abin da ya fiddo ni, shekaranjiya a tashar Jega na ga wani mai kabu-kabu, magidanci da gemunsa, ƙarfe ya yanke shi a ƙafa. Ya lakato baƙin mai daga inji ya shafe wurin. Nan take na tuna baya. Akwai labarin da ban taɓa ba ku ba.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Sana'ata kai irin albasa ƙauyuka a kan keke, ni kaɗai. In taso daga Aliero, in bi kwalta in ratsa Jega, in miƙa Maiyama, daga nan in sauka burji.

Wata rana zafi ya kai har kwalta na kama taya. Bayan Maiyama hadari ya haɗo, ruwa ya ɓalle. Na tuɓe riga na rufe iri, na ƙara wuta. A wani gangare inda shanu ke ratsawa, keke ya zame da ni.

Hannun hagu ya karye. Fedar kuma, da ma robarta ta daɗe da cinyewa, sai tsinin ƙarfe mai tsatsa, ta soke ni a diddige. Ɗan huji ne. Na dangwalo baƙin mai daga sarƙa na toshe shi, yadda kowane mai keke ke yi. Na tura keke da hannu ɗaya cikin taɓo har bakin kwalta.

To kun san mu mutanen Aliero da ƙashi. Yayana Bawa ya kai ni wurin mai ɗori, aka ɗora hannu, kuma ɗori ya yi kyau. Duk mai zuwa gaisuwa hannu yake dubawa. Ba wanda ya tambayi diddige. Ni ma ban tambaye ta ba.

Bayan kwanaki matata Kulu ta ce, "Malam, goron ga tun jiya yana hannunka."

Na ce muƙamuƙi ne ya ɗan riƙe.

"Kai da ko gidan mutuwa ba ka barin goro?"

Washegari wuya ya ƙage. Sai baya. Iska ta bugo ƙofa, jikina duka ya sandare, na banƙare bisa tabarma, haƙora a datse.

Yaya Bawa ya ce, "Gangaren nan ba lafiya garai ba, akwai aljannu. A kira malam."

Kulu ba ta taɓa musu da shi ba. Ranar ta ce, "Yaya, a yi addu'ar, amma a yi ta cikin mota."

A asibiti likita ya gwada buɗe bakina, ya kasa. Ya ce, "Ina raunin?" Suka nuna mashi hannu.

"Ba wanga ba. Akwai wani."

Na san inda yake. Ba bakin faɗi. Ina kallonsu suna juya ni, har likita ya kai ga diddige. Ya matsa, ruwa ya fito baƙi.

Ya ce sunan ciwon tetanos, ta irin wannan huji yake shiga. Ya ja Yaya gefe, amma na ji. "In ya kama ƙirji, numfashi ka tsayawa. Kada kowa ya yi motsi mai ƙarfi kusa da shi."

Aka yanke wurin aka wanke. Aka sa ni ɗaki ni kaɗai, aka rufe tagogi da bargo. Abinci ta roba, ta hanci. Allurar da ake nema babu ita a nan, sai da Yaya ya sayar da ragon da yake kiwo ya tafi Birnin Kebbi.

Abin da ban iya kwatanta muku shi ne, hankali na nan garau. Kana ji, kana gani, kana jiran ƙara ta gaba. Wata rana kwano ya faɗi a baranda. Ƙirjina ya kulle. Na nemi iska na rasa. Na so in yi kalmar shahada, harshe ya ƙi, sai a zuci.

Daga ranar Kulu ta cire warwaronta, ta bar takalmi a waje. Ba takalmi ta yi jinyata, tana tafiya kamar mage.

Kullum da safe takan gwada cokali tsakanin haƙorana. Ya ƙi. Ya ƙi. Wata safiya bakin cokali ya shiga, kunu ya bi. Ta fita waje ta yi kukanta, don ko kuka an hana a ɗakin.

Ranar sallama Yaya ya miƙo mani goro. Na gartsa, ya yi ƙas. Ya ce, "Ai shi ke nan, rago bai tafi a banza ba."

Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Yaya Bawa. Allah ya saka wa likitan nan da ma'aikatansa. Kulu kuwa tana nan, ta ce kada in sa sunanta, na sa.

Ku ji shawara. Ƙarfe ya soke ka, ko ƙusa, ko ƙaya, wanke da ruwa da sabulu ka tafi asibiti a yi maka allura, komai ƙanƙantar hujin. Mai na inji ne. Toka ta murhu ce. In an kai mutum ɗori, a duba shi har tafin ƙafa. In baki ya fara riƙewa, kada a kwana gida.

Shi kuwa mai kabu-kabun, na zare makullin babur ɗinsa na sa aljihu, na ce sai ya kawo mani shaidar allura. Ya tafi yana ƙunƙuni, wai tsofaffin yanzu sun cika shisshigi.

Ya yi ta yi. Bakinsa na buɗuwa.