Ranar da Na Kai Inna Aikin Ido

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Mararaba, akwai wata takarda da na manna a bayan ƙofar ɗakina. Burikana ne na jera a kai tun watan da na kama aiki a ma'aikata: digiri na biyu, fili, mota, koyon tuƙi, aikin idon mahaifiyata, kujerar Makka, har da rage ƙiba don neman magana. Ni kuwa Allah bai yi ni da zama wuri ɗaya ba. In na soke ɗaya, kafin in ajiye biro idona ya sauka kan na ƙasansa. Ƙawata ta ofis takan ce, "Ke dai ko hutun Sallah sai kin ba shi aiki."

Koyon tuƙi na soke shi ranar da lasisi ya shigo hannuna. Amma tuƙin nawa na filin makarantar firamare ne, ranar Lahadi, ni da awaki. Motar da na saya tana ƙofar gida lulluɓe da tampol, ni kuma kullum ina bakin titi ina kokawar shiga alon, wato motocin gida da masu su ke ɗibar fasinja a hanyar zuwa aiki. Titin Nyanya da safe ba wurin sabon hannu ba ne. Ko a kujerar baya nake, salati nake yi.

Sai layi ya zo kan idon Inna. Yanar ido ta rufe mata duka biyun, ta kai ga sai da murya take gane mutum. Na ɗauko ta daga gida, muka yi ta zarya a wani asibiti a cikin gari har aka ba mu rana. Wata ma'aikaciyar asibitin ta ja mini kunne: da sassafe ake kiran suna, wanda ba ya nan ya koma ƙarshen layi, sai bayan watanni. Likita kuma ya riga ya ce idon hagun ba zai jure wani jinkiri ba.

Maƙwabcina ne ya yi alkawarin tuƙa mu. Ina sallame sallar asuba ya kira, wai ogansa ya tura shi Lakwaja. Na fita neman tasi, babu. Alon kuwa ba za a tura makauniyar tsohuwa cikin wannan turereniya ba. Na dawo ina kai da komowa a tsakar gida, Inna na zaune da carbinta.

"Ke, ba kin ce kin iya motar ba?" Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana.

"Na iya, Inna."

"To me muke jira?"

Na yaye tampol, na zaunar da Inna a kujerar gaba.

Muna hawa babban titi na manne a gefen dama kamar ƙadangare a bango, ina tafiya a hankali, na kunna sigina na manta ban kashe ba. Abin da tsoro ya mantar da ni shi ne, haka masu alon ke yi in suna neman fasinja. Kafin gadar Nyanya na taka birki saboda wani mai babur, sai kawai na ji ƙofofin baya sun buɗe. Mutum uku sun afko, har da wata mata da ƙaton buhu a cinya.

"Utako! Utako, Madam!"

"Ba haya nake ba! Don Allah ku fita!"

Inna ta juyo da kai wajen muryoyin. "Haba, ke kuwa. Bayin Allah sun shigo kya kore su? Sannunku da zuwa, kun kwana lafiya?"

Direbobin da ke bayana suna ta danna mini oda, wani kwandasta yana dukan bodin motar da tafin hannu. Babu wurin tsayawa a yi gardama. Na ja.

Mai buhun ce ta fara ganewa. Ta leƙo tsakanin kujeru ta ce da irin Hausarta, "Madam, kai sabon hannu ne, ko? Yesu! To kar ka ji tsoro. Sa kan motar. Sa! In ka tsaya jira, nan za mu kwana." Na ce asibiti za mu, aikin ido, kuma lokaci na tafiya. Shi ke nan, motar ta zama tasu. Wani dattijo mai jakar ofis ya sauke gilashi ya miƙa hannu waje yana tare mana motoci yana cewa, "Mara lafiya ne! A yi haƙuri!" Na ukun ya karɓi aikin madubi, shi ke ce mini yanzu, yanzu, a'a dakata. Inna kuwa hira take da mai buhun a kan tsadar gyaɗa, ko a jikinta. Ni gumi ya jiƙa mini mayafi, ina jin haushin kowa, ina kuma roƙon Allah kar ɗayansu ya sauka.

Babu wanda ya sauka. Har ƙofar asibiti suka raka mu, alhali ba hanyarsu ba ce. Mai buhun ta riƙe hannun Inna har ciki. Muna shiga ana kiran sunanta karo na biyu.

Washegari aka cire bandeji. Ina tsaye a gefen gado, amma wallahi hankalina ya riga ya yi gaba: wannan ya faɗi, saura Makka, in aka biya kuɗin hutu sai in fara ajiya. Inna ta ƙyafta ido, ta dubi fanka, ta dubi taga, sannan ta dube ni. Ta daɗe tana kallo. Ɗankwalina ya zame baya ban sani ba. Ta miƙo hannu ta taɓa gefen kaina.

"Ke, yaushe kika yi furfura?"

Na yi dariya na ce aikin gwamnati ne.

Ba ta yi dariyar ba. "Rabon da in gan ki sosai, yarinya ce ke. Wa yake bin ki da kike wannan gudu haka?"

Kuka ne ya zo mini, a gaban nas da kowa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na canza ba. Har yau ina rubuta buri, har yau in na zauna ba aiki sai in ji kamar ana mintsinina. Inna ta je Makka da idonta, ni kuma yanzu ina ratsa Nyanya da hannu ɗaya. Amma tambayar nan ta ƙi barina. Nakan tsaya a gosulo in duba madubi, in ga motoci jere a bayana har iya ganina, kuma babu ko ɗaya da ni yake bi.