Ranar da Ganga Ta Tsallake Babana

Ruwan tsakiyar damina ne ya cinye hanyar da ke kai mu kasuwar Rigachikun, har jaki ba ya iya wucewa da kaya. Mai unguwa ya sa aka yi shelar gayya. Turawa ba su tafi ba tukuna, ni kuma ina aikin kafinta a Badarawa. Gayyar garinku ba a jiran goron gayyata, don haka na hau keke da sassafe.

A wajenmu ba a gayya sai da ganga. Kowane ƙato da takensa, kuma in makaɗi ya buga naka, ko hanjinka zai fito sai ka shiga gaba. Manyan gayya kuwa ba sa taɓa ƙasa sai ganga ta kira su, shiga ba kira zubar da girma ne. Tun ina yaro taken babana ake fara bugawa. Shi ke sara na farko, saura su bi.

To, tun bazara tari ya kama shi, irin mai zuwa da jini. Inna ta yi roƙo kada ya je har ta gaji. Ina! Ya ɗaura warkinsa, ya saɓa galma, ya riga kowa zuwa bakin kwazazzabon da ruwa ya yi a hanyar.

Makaɗin amininsa ne, tare aka yi musu kaciya. Ya rataya ganga, ya dubi babana, ya kau da kai, sai ya buga taken wani saurayi. Aka fara aiki. Babana ya tofa miyau a tafin hannu, ya gyara tsayuwa yana jiran nasa.

Aka buga na maƙeri, aka buga na mahauci, har da na wani rago da ko gonar uwarsa ba ya nomewa. Ana jido marmara a kwanduna, ana cike ramin, ana daɓewa, mata na rangaɗa guɗa. Babana yana tsaye da galma, rana na dukansa, yara suna kewaye shi da kwanduna kamar kututture.

Zuciya ta ɗebe ni, na je wajen makaɗin.

"Baba, lafiya? Idonka ne ya mutu ko hannunka?"

Bai daina kiɗa ba ya ce, "Ɗana, ina jin tarinsa ta katanga. In na buga, ɗauke shi za mu yi zuwa gida."

Gaskiya ya faɗa, kuma wallahi har yau ina jin zafin gaskiyar nan.

Da azahar hanya ta gyaru. Aka sauke tuwo da kunu, babana bai ko kalla ba. Ya kama hanyar gida yana jan galmar a ƙasa, mutumin da ban taɓa ganin ya sauke ta daga kafaɗa ba. Na bi shi ina tura keke.

Bayan la'asar muna zaune a zaure, sai ga ganga a ƙofar gida. Makaɗin ne shi kaɗai, yana buga taken babana a hankali, ba jama'a, ba guɗa. Na leƙa na ga hawaye har gemunsa.

Babana ya saurara har aka kai ƙarshe. Ya yi tari, ya goge baki da gefen riga, ya dube ni.

"Je ka ce masa ya makara. Mai taken nan ya rasu tun da hantsi."